Daƙiƙa Goma Sha Biyu

Autanmu mawaƙi ne, amma ba irin wanda za ka gayyata ya raya maka taro ba. Ba kiɗa, ba amshi, ko rerawa ba ya yi. Tsayawa yake gaban makirufo da baƙar riga, ya yi ta magana yana saran iska da hannu, ya ɗaga murya, ya sauke, ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Masu saurarensa ma ba sa tafi. Yatsu suke ƙyastawa, wai kada tafi ya katse masa numfashi. A can suna kiransa Tsawa. A gida dai Auta ne, wanda har yau bai san inda ake ajiye tsintsiya ba.

Ni gyaran agogo nake yi, a wani ɗan shago mai taga ɗaya kusa da tashar mota. Sana'ar ce ta jawo ni cikin harkarsa. Gasar da zai shiga tana da ƙa'ida: minti uku. In ƙararrawa ta kaɗa bakinka na motsi, alƙalai sun zubar da kai, ko da ka sa duwatsu kuka. Don haka kullum da hantsi sai ya zo shagon, ya ture kwalin batura da ƙafa, ya tsaya tsakanin benci da ƙofa, ni kuma in cire gilashin aiki daga ido in riƙe masa agogon tsere.

A kan Baba ya yi waƙar. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Yayarmu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke juya shi duk bayan awa biyu kada bayansa ya yi gyambo. Ita ke ba shi abinci da ƙaramin cokali, ta wanke shi, ta wanke abin da ya ɓata. Keken ɗinkinta ma ta jawo shi ƙofar ɗakinsa don ta riƙa jin tarinsa. Auta kan leƙo ranar da ya ga dama, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon Baba da ido irin na mai auna yadi, ya fita yana latsa waya.

Ban ce waƙar ba ta da kyau ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Akwai inda yake cewa hannun da ya saba da guduma yau cokali ya fi ƙarfinsa. Ranar farko da na ji wurin, sai da na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido. Kusa da ƙarshe kuma akwai layi huɗu na Yaya:

Akwai wadda ta san nauyinsa ba da sikeli ba,
ta san yunwarsa daga motsin gira.
Mu gaisuwa muke zuwa, ita tana nan.
Yaya, in an tambayi wa ya riƙe gidan, ke ce.

Ya karanta mata waƙar duka a tsakar gida, tana shanya zannuwan gadon Baba. Ta ce, "Kai dai Auta, surutu kamar rediyo." Ta matse zani ɗaya, ta matse na biyu, sannan ta ce, "Maimaita wancan wurin, injin maƙwabta bai bar ni na ji ba." Ba wani inji da ke aiki a ranar. A makon ta yanka yadin da ta daɗe tana ɓoyo, ta fara ɗinka rigar zuwa gasar. Ni na ɗauki alkawarin zama da Baba, don rabonta da fita wani wuri in ba asibiti ba tun kafin ya kwanta.

Matsalar dai agogo. Minti uku da daƙiƙa goma sha biyu. Washegari haka, jibi haka.

Na ce, "Ka ƙara sauri mana."

"Yayana, ba a sauri da baƙin ciki."

Baƙin cikin nan na san shi ciki da bai. Yana zuwa ne ana minti biyu da rabi, dab da layukan Yaya. Sai Auta ya tsaya, ya rufe fuska da tafin hagu, kafaɗunsa su yi rawa, ya ja numfashi mai sauti, sannan ya ci gaba da murya a karye. Na gyara agoguna masu tsada da ba su kai kukan nan kiyaye lokaci ba. A takardarsa ma ya rubuta shi da jan biro: shiru, a rufe fuska, ƙirga sha biyu.

Na ce, "To ga abin cirewa nan. Cire kukan, ka shiga minti uku cif."

Ya kalle ni kamar na ce ya cire wando. "Kukan ai shi ne waƙar. A nan ne alƙalai ke ajiye biro."

Ana gobe gasa ya shigo yana fara'a, ya ce in danna. Na danna. Ya yi gudumar, ya yi cokalin, ya rufe fuska, kafaɗu suka yi aikinsu, ya sauke hannu, sai na ji shi a layin rufewa. Minti uku ba daƙiƙa ɗaya.

"Ina na Yaya?"

"Suna ja wa waƙar baya. Alƙalai ba su san ta ba. Uba kuwa kowa yana da shi."

"Yaya kuma a bishiya ake tsinko ta?"

"Kai agogo ka sani, Yayana. Wannan harkar dandali ce."

"Ta ɗinka riga, Auta."

"Zan yi mata tata waƙar, ita kaɗai, guda cur. Ka ga ai ta fi riba."

Ya duƙunƙune tsohuwar takardar, wadda ya soke layuka huɗun da jan biron nan, ya jefa kwandon shara ya fita. Na ɗauko ta, na warware, na sa a aljihu. Har yau ban san me na yi niyyar yi da ita ba.

Ranar gasa na je gida bayan azahar da nufin in gaya wa Yaya. Na tarar tana goge rigar, tana zayyana mini aiki: ƙarfe uku a juya shi dama, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, ruwa da cokali ba da kofi ba, in ya ɗaga gira sau biyu fitsari ne. Na auna abin. In na faɗa, na ƙwace mata fitar. In ban faɗa ba, za ta zauna cikin mutane tana jiran abin da ba zai zo ba. Sai na zaɓi wanda ba ya bukatar in buɗe baki, na ce wa kaina tausayi ne.

Awa huɗu na yi da Baba. Da na zo juya shi sai na ga ban san inda ake kamawa ba. Na ja kafaɗa, ya yi wani nishi, na sake shi yadda yake. Rabin abincin a wuyan rigarsa ya ƙare. Bai ɗaga mini gira ko sau ɗaya ba, ƙofa kawai yake kallo.

Ta dawo kafin magariba, takalmi a hannu, idanu sun kumbura. Na ɗauka ta gano.

"Ya ci," in ji ta. "Kofi wannan girma. Amma ba shi ne labarin ba. Ka san me yaron nan ya yi?"

Na ce ban sani ba.

"Da ya zo kan nawa, kasa faɗa ya yi. Wallahi kasawa ya yi! Ya rufe fuska, jikinsa na ɓari, ɗakin nan tsit. Kowa ya ɗauka Baba yake yi wa kuka. Ni kaɗai na san abin da ke gaba a waƙar. Da ya ga ba zai iya ba sai ya tsallake." Ta share ido da gefen mayafi. "Na ce a raina, ashe Auta yana gani. Ashe duk shirmen nan yana gani."

Hannuna na cikin aljihu, a kan takardar. Ina jin kaifin ninkinta a yatsa.

Ta wuce ni, ta zura hannu ƙarƙashin bayan Baba, ta juyo. "Kai kuma ba ka juya shi ba. Ƙato da kai, a ce agogo ya fi mutum sauƙi a wurinka."

Ana haka Auta ya shigo rungume da kofinsa. Ta tare shi da labarin, tana dariya tana kuka. Na tsare fuskarsa da ido. Da farko tsoro ne, ya saci kallona. Da ya ga ban motsa ba, sai idon nan na mai auna yadi ya dawo.

"Wallahi Yaya," in ji shi, yana dafa ƙirji, "maƙogwarona ne ya toshe."

Tun daga ranar ake gayyatarsa wurare, inda ba alƙali ba ƙararrawa, yana iya kaiwa minti goma in ya so. Layukan ba su dawo ba. Ya samu abin da ya fi su amfani. Yanzu kafin ya fara sai ya sunkuyar da kai ya ce akwai layi huɗu a waƙar nan, na wata baiwar Allah, da har yau bai taɓa iya furtawa a gaban mutane ba, a yi masa uzuri in an zo wurin. Yatsu su hau ƙyastuwa tun bai ce komai ba. Na auna jawabin a wani bidiyo da aka turo mini: daƙiƙa goma sha tara. Waƙar da ya ce zai yi mata ita kaɗai kuwa, ban sake jin zancenta ba.

Yaya na ba duk wanda ya zo duba Baba labarin, ƙafarta a kan keke, kunnenta a ɗaki. In ta zo wurin rufe fuskar sai ta dakatar da ɗinkin, ta ce, "Ga yayansa nan, ku tambaye shi, shi ya riƙe masa agogo." Ni kuma in gyaɗa kai.

Na daina auna masa waƙa. Takardar na nan a aljihun teburina, ƙarƙashin matattun agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Wani lokaci nakan ciro ta in karanta jan rubutun, in ji raini ya cika mini baki, sai kuma in tuna. Shirunsa daƙiƙa goma sha biyu ne. Nawa ya shiga wata na takwas.