Gurgun da Don Evaristo Ya Bari a Tudu

"Don Evaristo, ka dawo min da kayana cikin kanti!"

Doña Zulema mai kantin ce take ƙwala masa kira, shi kuwa yana tsaye a bakin titi, ya kafa madubin bindiga a idonsa na dama yana hangen wani tudu can bayan garin Zapala. Ko waiwayowa bai yi ba.

"Bari rana ta ƙara yin ƙasa, baiwar Allah. Da tsakar rana ai kowane madubi sarki ne. Ni cikin inuwa nake so in gani."

Ni na kawo shi a akori-kurata daga ƙauyenmu na kusa da Aluminé, domin shingen waya kaɗai ya raba gidana da nasa. Na rufe shagon facina tun safe, a zatona za mu saya mu juya. Ashe yini zan yi a kan benci ina jan shayin mate har ruwan ya salamce, ina cika ina batsewa.

Ta miƙo masa wani ta ce rabin kuɗi ne. Ya ture shi da bayan hannu.

"Araha ba ta ado. Irinsa ne ya jefa ni a halin da nake ciki."

Sai ta fito da na Turai, irin wanda baƙi masu hannu da shuni ke zuwa farauta da shi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"Wannan kam har ƙudan da ke kunnen doki za ka ƙirga. Amma sai na sayar da dawakina, to in hau me in je tudun?"

"Dama ba naka ba ne, tsoho," in ji ta. "Kai da hannunka ya fara rawa, madubin da ke jawo abu kusa sosai har rawar zai jawo maka. Karɓi wannan matsakaicin. Gilashinsa garau, kuma in ka saita shi ba ya gocewa."

Ya karɓa, ya kai kunne yana murza ƴan maɓallan saiti yana sauraron ƙas-ƙas ɗinsu. Ya bubbuga shi a tafin hannu. Daga nan ya ce sai ta saka masa shi a firjin lemo, a ga ko zai yi hazo daga ciki in an fito da shi. Ta ce a shekarunta na kanti ba ta taɓa haɗuwa da mai fitina irinsa ba, amma ta saka. Da aka fito da shi ya goge bayansa da gefen riga, cikin yana nan tas. Shi ya saya.

Hazon nan shi ne tushen maganar. Don Evaristo ya tsufa yana raka mafarauta cikin tuddanmu, kuma abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: bai taɓa barin dabbar da aka ji wa rauni ta kwana da ciwonta ba. In baƙo ya yi harbin banza, shi zai bi sawun jini ko da zai yini. To shekara guda kafin zuwanmu kantin, a ƙarshen lokacin da mazajen barewa ke ruri suna neman mata, ya auna wani babba mai ƙaho reshe-reshe daga tsallaken kwari. Tsohon madubinsa ya yi hazo da sanyin safiya, shi kuma maimakon ya haƙura sai ya ja kunamar bindiga. Harsashin ya sauka ƙasa da inda ya nufa, ya karya ƙafar gaba. Ya bi sawu har dusar ƙanƙara ta rufe hanya, bai same shi ba.

Dabbar ba ta mutu ba. Makiyayan tumaki suka riƙa kawo labari cewa sun ga gurgun a wuri kaza, ya rame, sauran maza suna korarsa daga ciyawa mai kyau. Duk ranar da aka kawo irin wannan labari, Don Evaristo ba ya cin abinci.

A hanyar komawa gida tari ya sarƙe shi har sai da na tsaya a gefen hanya.

"Mun je har Zapala, ga asibiti, amma kantin bindiga ka zaɓa," na ce.

"Nicanor, tuƙa motarka. Huhuna zai jira. Shi wancan ba zai iya wani hunturun da ƙafa uku ba."

Ƴarsa Herminia ta zo daga birni a makon, da niyyar tafiya da shi asibiti. Ina jiyo su ta shinge.

"Baba, saboda naman daji za ka kashe kanka?"

"Ni na karya shi, ƴar nan. In ban ƙarasa shi ba, wa zai yi?"

"To ka ba Don Nicanor bindigar mana."

"Nicanor? Wannan da ko zomo sai ya tsaya masa cak yake samu?"

Na ɗaga murya na ce ina jinsa. Ya ce dama don in ji ya faɗa.

Sabon madubi kuwa ba a ɗaura shi a tafi daji kai tsaye, sai an saita shi a fili ranar da babu iska. Mu kuma a ƙasarmu iska ba baƙuwa ba ce. Ta riƙa kaɗawa kullum, tana kwantar da itatuwan bakin shinge. Kowace safiya zan gan shi a ƙofar gida cikin bargo, ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama, ya girgiza kai ya koma ciki. Yana ramewa a idonmu. Na yi ta yi masa mita cewa ya saita ko yaya ne, ya ce ko yaya ɗin ne ya haifi gurgu.

Ranar da iska ta kwanta, shi ya buga min ƙofa. Na kafa masa kwali a jikin tudun bayan gida, na dawo na tarar ya ɗora bindigar a kan buhun hatsi yana murza wani zobe da ke kusa da ido. Ya yi ta murzawa har zoben ya ƙi gaba.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu na ga duniya."

Ya harba, ya gyara, ya sake harbawa, har ramukan suka haɗu wuri guda a tsakiyar kwalin. Ranar ya cinye gasasshen haƙarƙarin da Herminia ta yi masa, har ya nemi ƙari.

Washegari da sassafe muka hau. Doki ya riga ya fi ƙarfinsa, don haka na kai motar iyakar inda za ta iya, sauran kuma na tallafe shi muna tafiya muna hutawa. Ko'ina rurin barewa ke tashi daga cikin kwaruruka. Muka kwanta a bayan wani dutse, rana ta fara haska tsallaken.

Shi ya fara ganinsa. Gurgun ya fito daga cikin kurmi shi kaɗai, yana ɗingishi, kansa na sunkuyawa da kowane taku. Ko da ido zalla ana ganin yadda ya zube. Ya tsaya a fili ya ba mu gefe.

Don Evaristo ya kafa ido a madubi. Na ji numfashinsa na fita da ƙyar, bakin bindigar kuma yana lilo. Ya sauke, ya sake ɗagawa, tari ya taso masa ya danne shi da hannun riga har hawaye suka zubo. Sai ya turo min bindigar.

"Karɓi. Bayan kafaɗa, ɗaga kaɗan sama. Kada ka yi sauri."

Na kwanta na sa ido. Ban ga komai ba sai dishi-dishi, kore da ruwan ƙasa a cakuɗe kamar an shafa wa gilashin man shanu.

"Ba na gani!"

"Yana tsaye, ga shi can!"

"Na ce maka ba na ganin komai, Don Evaristo!"

Sai ya dafe kai. "Zoben. Na murza shi daidai idona. Mayar da shi baya, maza."

Yatsuna sun sandare da sanyi, na ma fara murzawa ta inda ba ya tafiya. Kafin hoton ya washe, abin da na samu a cikin madubin ƙarshen ƙaho ne yana nutsewa a bayan tudu. Madubin kirki ne, babu ƙarya, har rassan ƙahon na gani ɗaya bayan ɗaya.

Bai yi min faɗa ba, kuma na so a ce ya yi. Ya dai kwanta rigingine yana kallon sama.

"Na manta idona ba irin na mutane ba ne yanzu," ya ce.

A bayana na sauko da shi. Bai sake fita ƙofar gida ba, kuma da Herminia ta sake ɗauko maganar asibiti, likitan da ya zo dubawa ya ce a bar shi a gadonsa. Ni kuma na gyara zoben daidai idona na riƙa hawa duk safiyar da iska ta bari. In na dawo zan tarar ya juyo da fuska wajen ƙofa. Ba ya tambaya, sai in zauna in haɗa mate in miƙa masa, ya riƙe ƙoƙon don ɗumi kawai. Sau ɗaya na yi niyyar yi masa ƙarya in ce na samu. Na buɗe baki, ya dube ni ya ce, "Da na ji ƙarar harbin." Daga gadonsa yake kasa kunne.

Ya cika wata ranar Laraba da hantsi, Herminia na riƙe da hannunsa. Har yau abin yana ci min rai, domin mutumin nan bai roƙi duniya wani abu mai yawa ba.

Dusar ƙanƙara ta sauko da wuri a shekarar, ta rufe hanyar tudu. Wata safiya ina tsaye a ƙofar shago, taya a hannuna, na ɗaga kai. Can sama da kwarin da muka ga gurgun, ungulaye ne suke kewayawa a hankali, suna yin ƙasa.