Ƙafar da Baffa Sabo Ya Taka

Mutum huɗu ƙungiyar masu tseren keke za ta kai gasar Abuja, kuma ranar Asabar za a tace su, a tashi daga Aliero, a ratsa Jega, a ƙare a Maiyama. Waliyyu ya haura arba'in. Ba sai an gaya masa ba, in bai shiga bana ba, baɗi aikinsa riƙe wa yara gorar ruwa a bakin titi. Gwiwarsa ta hagu ta riga ta fara yi masa magana duk lokacin da ya kai goshi ƙasa.

Malamin lissafi ne a wata sakandare a Jega, kuma lissafin ne ya kai shi ga ƙafafun keke na kabon, wani abu mai tauri da bai kai ƙarfe nauyi ba. Ya auna ya ga ƙarfin da shekaru suka zare masa daga cinya ba zai dawo ba, sai dai ya rage wa keken nauyi. Wani ɗan kasuwa ya aiko masa su daga Legas, na hannu, baƙaƙe wuluk, masu faɗin baki, sakayau kamar faifai. Ranar da suka iso ya ɗaga ɗaya da yatsa guda ya nuna wa matarsa Iklima. Ta duba ta ce, "Abin da ba shi da nauyi hakanga, Malam, shina ɗaukar mutum kuwa?"

Suna ɗauka, in sun ga dama. Tayoyin ba su da tib. Wani farin ruwa mai kama da nono ake ɗura musu, wai in ƙaya ta huda shi zai toshe. Wataƙila a ƙasar da aka yi shi yana toshewa. A bazarar Jega bushewa yake, ya dunƙule kamar danƙo, ƙayar aduwa ta shiga ta fita abinta. Bakin bawul ɗin siriri ne, babu mai facin da bututun injinsa ke kama shi. Taya in ta fita daga wili, mayar da ita sai mutum ya saɓule fatar babban yatsa. In ya matsa birki a gangara, wilin ya dinga kuka kamar akuyar da aka ɗaure a rana.

Wani lokaci yakan buɗe waya ya karanta koken Turawa masu irin kayansa, su da kwaltarsu take sumul kamar faranti. Wannan ya ce tasa ta tarwatse ba gargaɗi, wancan ya ce an ƙi canza masa, na uku ya ce duk laifinsu ne, ba su iya ɗaure taya ba. Abu ɗaya suka haɗu a kai: ƙarfe in ya gaji lanƙwashewa yake, ka gani da idonka, kabon daga ciki yake tsagewa, ya yi shiru, ya jira ranarsa.

Amma kuma akwai safiyar da komai ke zama daidai, ya kama hanyar Kimba iska na bayansa, keken ya riƙa tafiya kamar ba shi ke tuƙawa ba. Irin wannan safiyar ce ke sa ya haƙura da sauran.

Jelani, taubashinsa, dillalin albasa a Aliero, shi ma yana tsere, da ƙafafun ƙarfen alminiyam da suka sha duniya. Duk haɗuwarsu gaisuwar ɗaya ce, ta ƙafar kabon.

"Malam, ina kwanan mara lahiya? Yau ta tashi, ko mu zo dubiya?"

"Ta tashi. Kai dai ka wanke hannu kahin ka taɓa, kak ka sa mata warin albasa."

Ranar Laraba, wajen Fagada, wata babbar mota ta matse shi gefe ya faɗa rami. Bai faɗi ba, amma da ya sauka ya juya ƙafar gaba sai ya ga tana ɗan karkata, kaɗan ƙwarai, tana shafar birki a wuri ɗaya. Abu ne na a ɗan ja wayoyin wili biyu ko uku a hankali. Ya ce gobe in ya taso daga makaranta zai zauna ya yi. Kuskurensa shi ne ya faɗi haka a zaure, ana cin tuwon magariba, a gaban Baffa Sabo.

Baffa Sabo ƙanen mahaifinsa ne, mai gyaran keke a bakin kasuwa tun kafin a haifi Waliyyu. Shi ya harhaɗa masa kekensa na farko da tarkacen rumfa, shi ya riƙe masa sirdi har ya iya. Tun da ƙafafun kabon suka shigo gidan Waliyyu bai sake kai masa aiki ba. Tsohon bai taɓa tayar da zancen ba. A wannan maraicen ma sai ya ci gaba da gutsurar tuwonsa kawai.

Washegari Waliyyu ya dawo daga makaranta ya tarar da keken a jingine, gabansa a ƙasa, ba ƙafa.

"Baffa yaz zo yad ɗauka," in ji Iklima.

"Kuma kika ba shi?"

"In ce mai mi? In ce ɗanka ya ce kak ka taɓa mai kaya? Kai kana iya hwaɗa mai?"

Ba zai iya ba, ita ma ta sani. Ya juya ya fita ko ruwa bai sha ba.

Duk Jega an san yadda Baffa Sabo ke miƙe ƙafar keke. Yana da katako biyu a ƙasan rumfarsa, sun sha taku har sun yi santsi. Zai juya ƙafar, ya sa alli inda ta kauce, ya kwantar da ita a kan katakan, ya dafa ginshiƙin rumfa, ya hau wurin da dunduniya. Kekunan da ke jigilar albasa daga Sabiyal duk ta ƙarƙashin wannan dunduniyar suka bi, kuma ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Waliyyu ya tarar da dattawa uku a benci, ƙafar kuma tana rataye a ƙugiya, da ɗigon alli a baƙin wilinta. Baffa Sabo ya miƙe, ya kaɗa ta da yatsa. Ta juya sambal, ba karkata ko kaɗan.

"Ka gani? Sau biyu ɗai nit taka ta. Na hwarko ta ƙiya. Na biyu tay yi ɗan ƙara, ɗas, sai ta miƙe."

"Ta yi ƙara, Baffa?"

"Ɗan kaɗan. Alamar ta koma wurinta ke nan. Ƙahwa dai ƙahwa ta, Waliyyu, ko daga ina ta hito."

Dattawan suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce ai hannun Sabo ba a samun irinsa har Sakkwato. Fuskar tsohon ta cika da wani haske da Waliyyu ya daɗe bai gani ba. Ya rusuna, ya karɓi ƙafar da hannu biyu.

"Allah shi saka da alheri, Baffa. Allah shi ƙara girma."

"Amin. Ran Asabat ina nan bakin shataletale, in ga wucewarka."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a tsakar gida ya goge wilin tas, ya bi shi da ido a hasken rana. Bai ga komai ba. Ya ɗauki mabuɗi yana ƙwanƙwasa shi a hankali, yana zagayawa, kunnensa a kusa, yadda ya karanta ana yi. Wajen allin sai ya ji kamar sautin ya ɗan mutu. Ya sake bugawa, ya ji daidai yake da ko'ina. Ya sake. Tun yana bambancewa har kunnen ya gaji, kowane wuri ya zama abin zargi.

Iklima tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Ga tsohuwar ƙahwarka can rataye. Sa ta mana, hankalin kowa shi kwanta."

"Da tsohuwar na shida nike zuwa. Na gwada ba sau ɗaya ba."

"To da wagga in ta hwashe, na nawa za ka zo?"

Ya mayar da ƙafar kabon jikin keken, ya ɗaure, ya ba taya iska da famfon hannu har gumi ya jiƙa masa riga.

Da safiyar Asabar Aliero na warin albasa, manyan motoci sun yi layi ana lodi. Masu tseren suka jeru a bakin titi. Kocin ƙungiyar, wanda zai bi su a kan babur, ya maimaita abin da kowa ya sani: huɗun farko a Maiyama su ne 'yan Abuja. Jelani ya leƙo ƙafar gaban Waliyyu ya ga ragowar alli.

"Ashe mara lahiya ta je wurin Baffa. An yi mata ɗori ke nan?"

"Tuƙa kekenka, Jelani."

Aka busa usur. Kafin su kai rabin hanyar Jega taron ya tsinke, mutum biyar suka ware a gaba: Jelani, da Kamaluddeen ɗan Maiyama, da wani dogo daga Birnin Kebbi, da Abdulmajid, ɗalibin jami'a mai huhu kamar na doki, sai Waliyyu. Suna tafe a jere, kowa ya ɗan sha iska a gaba ya koma baya ya huta a inuwar ɗan'uwansa. Gwiwar ba ta ce komai ba. Ƙafar ma haka. Waliyyu ya dubi yadda dogon ke wangale baki yana jan numfashi, ya san wanda za a bari a hanya, kuma ba shi ba ne.

A shataletalen Jega ya hango Baffa Sabo da farar hularsa, ya ɗaga hannu sama, yana nuna wa na kusa da shi ƙafar gaba.

Bayan an fita gari, a hanyar Maiyama, akwai wata gangara da kwalta ta farfashe a ƙasanta, tsakuwa da ƙananan ramuka daga wannan gefe zuwa wancan. Duk mai tsere a yankin ya san ta. Ba a kauce mata, ba a kuma lallaɓa ta. Ɗaga gindi ake daga sirdi, a saki hannu kaɗan, a afka da gudu. Waliyyu ya bi ta ba adadi. Suna gangarowa, shi ne na uku a layi, sai ya ji ɗas daga ƙasa.

Wataƙila tsakuwa ce ta bugi wili. Wataƙila daga keken Jelani ne. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Yatsunsa biyu ne suka matse birki. Wilin ya yi kukansa. Kamaluddeen ya goce ta dama yana tsaki, dogon ya bi ta hagu, su huɗu suka faɗa wurin suka fita, shi kuma ya ratsa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da ya ɗago, tazarar ba ta fi tsawon babbar mota biyu ba. Amma su huɗu ne suna karɓa wa juna iska, shi kuwa shi kaɗai. Ya miƙe a kan feda ya bi su. Ya matso har yana jin ƙarar sarƙarsu, sai wani rami ya taso, idonsa ya sauka kan ƙafar gaba, tazarar ta sake buɗewa. Haka suka yi ta yi. Duk inda kwalta ta yi kyau ya ci musu, duk inda ta lalace ya biya. Daga baya gwiwar ta shiga zancen, ya zauna, ya ga rigunansu suna ƙanƙancewa a cikin hucin titi.

Ya iso Maiyama na biyar. Dogon yana kwance a gindin dalbejiya yana amai, amma na huɗu ne.

Waliyyu ya sauka, ya ɗaga gaban keken, ya kaɗa ƙafar. Ta juya sambal. Ya tsaya yana kallonta har ta gaji ta tsaya.

Jelani ya zo ya miƙa masa ruwan leda. Bai yi masa ba'a ba, abin da ya fi ba'ar ciwo.

"Mi ya hwaru a gangara? Kai ne ka koya muna wurin nan."

"Na taɓa birki."

"Na gani. Don mi?"

"Tsuhwa," in ji Waliyyu.

Kocin ya kira sunaye huɗu, aka tafa. Sannan ya matso, yana riƙe da kafaɗar Abdulmajid, ya yi ƙasa da murya yadda ake yi in za a roƙi abin da ba a hanawa.

"Malam, tun da Allah bai yi da kai ba, ka ara wa ƙanenka ƙafafun nan ya je da su. Ka ga irin nasa."

Abdulmajid ya sunkuyar da kai, amma idonsa na kan baƙin wilin. Mutane sun kewaye su. A cikinsu akwai masu zama a rumfar Baffa Sabo, da 'ya'yan masu zama. Duk abin da aka faɗa a nan, kafin la'asar ya isa bakin kasuwar Jega.

"Ta baya zan ba shi," in ji Waliyyu. "Shi zo gida gobe shi ɗauka."

"Ta gaba fa?"

"Ta gaba ba ta aruwa."

"Akwai matsala ne a jikinta?"

"Ba ni ba da ita dai."

Wani daga baya ya ce a hankali, amma don a ji, wasu in ba su samu ba, ba su son kowa ya samu. Kocin ya saki kafaɗar yaron ya ce to, an gode da ta bayan. Jelani ya dubi allin, ya dubi taubashinsa.

Motar da za ta mayar da su ta cika da kekuna da 'yan Abuja. Waliyyu ya ce su tafi, zai taho a hankali. Ya shanye ruwan, ya gyara hular kwano, ya hau. Rana ta riga ta take, ga Jega da nisa, kuma ba shi da wata ƙafar da zai koma a kanta sai wannan.