Kada Ka Yi Mata Komai

Shekara talatin da huɗu Lindsay Hoskin ya yi yana sayar da magani a garin Albany, kuma ba a taɓa jin wanda ya shiga kantinsa ya fito hannu rabbana ba. Mai tari ya tafi da kwalba, wanda gaisuwa ta kawo shi ya tafi da ƙwayar ƙarin jini. Da ya ajiye aiki, matarsa Marj ta lura cewa in ba a samar masa abin jinya ba, ita zai kwantar. Sai ta sa sunansa a ƙungiyar masu rainon tsirran asalin ƙasar.

Mutum ashirin da 'yan kai ne a ƙungiyar. Suna haɗuwa Talatar farko ta kowane wata a ɗakin taron coci, su sha shayi, su ci kek, su yi tir da maƙwabtan da ke shuka wardi da sauran furannin da aka shigo da su daga ƙetare. Lindsay ya shekara uku cikinsu, bai taɓa fashin taro ba, shi ke wanke kofuna, amma har yanzu sabon shiga suke ce masa.

Abin alfaharin ƙungiyar ba ya ɗakin taro. Yana bayan gidan Noelene Trethewey, tsohuwa 'yar shekara tamanin da uku, gida uku tsakaninta da Lindsay. Bishiyar banksiya ce da ba ta wuce tsayin mutum da rabi ba. Duk 'yan'uwanta jan fure suke yi, ita kuwa nata rawaya ne kamar gwaiduwa. Marigayi Col, mijin Noelene, ne ya ceto ta tana 'yar tsiro daga bakin wata hanya da za a faɗaɗa, kuma wurin yanzu kwalta ce. An yanki reshe an dasa, bai kama ba. An shuka irinta sau biyu, 'ya'yan suka fito ja kamar na kowa. Masana daga Perth sun yi alkawarin zuwa a watan Afrilu su gwada tasu dabarar. Kafin nan, ita kaɗai ce aka sani.

A makon farko na Janairu za a yi wa Noelene aikin ƙugu a Perth, daga nan ta zauna wurin 'yarta, jimla mako shida. Ta kira Lindsay ta miƙa masa makulli. Ba ta ɓoye masa cewa kusancin gida ne ya ba shi wannan matsayi ba.

"Mage, abinci safe da yamma," in ji ta. "Wasiƙu ka zuba a kwandon nan. Banksiya kuwa, kada ka yi mata komai."

"Komai kamar me?"

"Komai kamar komai, likita." Haka take kiransa in tana son ta tsokane shi. "Kada ka ba ta ruwa, kada ka ba ta taki, kada ka tausaya mata. In kallonta zai tayar maka da hankali, kalli magen."

Lindsay ya yi dariya, ya ce ai shi ba yaro ba ne.

Mako na farko ya cika alkawari. A ƙofar lambun akwai buroshi da kwalbar sifirit, domin ƙa'idar ƙungiya ce a wanke ƙasan takalmi kada a kwaso cutar ruɓewar saiwa daga wani lambu. Kullum sai ya goge takalminsa tsaf, ya shiga, ya tsaya hannu a baya kamar mai duba majinyaci, ya fita.

Mako na biyu zafi ya sauko, don a can Janairu tsakiyar bazara ne. Kwana huɗu a jere iska na busowa daga arewa kamar daga bakin maƙera. Lindsay ya tura yatsa cikin yashin gindin bishiyar, ya ji ƙamas. A gidansa tumatir na shan ruwa sau biyu a rana yana kuma neman ƙari. Ya san littafi ya ce ba a shayar da banksiya da zafi, ya ji an faɗa a taro ya fi sau goma. Amma littafi ai bai san wannan zafin ba, kuma Noelene da ta yi maganar tana zaune ne a inuwa. Bokiti ɗaya, in ji zuciyarsa, bokiti ɗaya bai taɓa kashe kowa ba.

Ƙasar ta shanye kafin ya miƙe. Wanda ya sha haka ai ƙishi yake ji. Washegari ya jawo tiyo.

Bayan kwana goma ganyen ƙasa ya fara rawaya. Lindsay ya tsinki ɗaya ya kai gida ya duba da gilashin ƙara girma.

"Me Noelene ta ce maka?" Marj ta tambaya, ba ta ɗago daga jarida ba.

"Dubawa kawai nake yi."

"Haka ka ce ranar da ka duba injin wanki."

A saninsa, jiki in ya ɗashe, rashin abinci ne. Ya shiga rumfarsa ya ɗebo takin kaji da ɗan na zamani, irin wanda ya mayar da tumatirinsa abin nunawa. Ya auna da cokali, domin shi ba mai ba da magani da ka ba ne. A ƙofar lambun ya tsaya ya goge takalminsa da sifirit, gaba da baya, sannan ya shiga ya barbaɗa, ya bi da ruwa don ya ratsa.

Ranar Talatar farko ta Fabrairu, rabin bishiyar ya koma launin ganyen shayi. Lindsay ya je taro don rashin zuwa zai fi jawo tambaya. Glenys Varga, sakatariya, tsohuwar shugabar makaranta da har yanzu take magana kamar akwai masu surutu a bayan aji, ita ke da jawabin wata. Ta zaɓi ta yi wa sababbi tuni kan bazara.

"Tsiron nan ya shekara dubbai a yashin da ba komai," in ji ta. "Saiwarsa ta saba da talauci. Ka ba shi takin tumatir, tamkar ka ɗura wa jariri barasa ne. Ka jiƙa masa ƙasa da zafi, ka dafa saiwar, cuta ta samu gidan haya. Ban taɓa ganin banksiyar da sakaci ya kashe ba. Duk masu kirki ne ke kashe su."

Aka yi dariya. Lindsay ma ya yi, tasa ta fi ta kowa tsawo.

"Lindsay, ya mutuniyar?" in ji Glenys.

"Tana nan," ya ce. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

"Madalla. Noelene na dawowa Juma'ar mako mai zuwa. Asabar duk mu hallara mu yi mata barka, mu ga bishiya. Kai za ka kawo kujeru."

Ya wanke kofuna a ranar har da waɗanda ba a sha da su ba.

Kwana goman da suka biyo baya Lindsay ya yi su ne tsakanin gidansa da lambun. Ya kwashe takin da hannu, ya haƙe yashin sama ya zuba sabo. Ya kafa mata rumfar buhu. Ya cire rumfar don kada iska ta rasa hanya. Ya kankare ɓawon reshe da farce yana neman kore, ya samu a reshe biyu, bayan kwana uku ya samu a ɗaya. Sau biyu Noelene ta bugo waya, sau biyu ya ba ta cikakken rahoto kan magen: cinta, barcinta, ƙadangaren da ta kama. Ya auna hawan jininsa ya ga abin da da wani ne ya kawo masa, da ya tura shi asibiti.

"Ka faɗa mata tun kafin ta gani," in ji Marj.

"Mace na jinya, a ɗaga mata hankali?"

"Oho. Ashe don ita kake yi."

Ranar Juma'a da la'asar motar 'yar Noelene ta tsaya. Noelene ta fito da sandar nan mai ƙafa huɗu, ta rame, bakinta dai bai rame ba. Lindsay na tsaye a bakin ƙofa da makulli da kwandon wasiƙu, ya shirya jawabi mai sassa uku wanda ya fara da yanayin zafin bana. Ba ta shiga gida ba. Ta zagaya ta gefe, taku ɗaya, hutu ɗaya, shi yana biye kamar mai rakiyar gawa. A ƙofar lambu ta tsaya ta miƙa masa ƙafa, ya durƙusa ya goge mata takalmi.

Ta daɗe tana kallon bishiyar. Ta kama reshe ta lanƙwasa, ya karye ƙaras. Ta sa sandarta ta tona gindin, ta dubi sabon yashin, ta dubi tiyon da ya naɗe da kyau fiye da yadda ta bar shi.

"Ruwa kawai, ko har da abinci?"

Jawabin mai sassa uku ya gudu ya bar shi.

"Har da abinci."

"Na kaji?"

"Da ɗan na zamani. Cokali huɗu ne kacal, na auna."

"Ka auna," in ji ta. "To, Allah ya saka."

Ya so ta yi faɗa. Ya tanadi wurin ajiye faɗa a ransa tun mako uku. Ita kuwa ta tsaya ne kawai, hannunta a kan busasshen reshe, kamar yadda ake dafa kafaɗar mutum. Can ta ce, ba da shi take ba, "Col a cikin hularsa ya kawo ta."

Lindsay ya buɗe baki zai ce ko akwai abin da zai iya yi, Allah ya taimake shi ya rufe.

"Je ka kicin ka ɗauko almakashin lambu," ta ce. "Ka yanko min duk totuwar da ke jikinta. Tsofaffin, masu furfura."

Guda tara ya samu, kowace kamar totuwar masara mai bakuna a rufe gam. Irin banksiya a ciki yake zama shekara da shekaru, ba ya fita sai wutar daji ta bi ta kansa. Ranar kuwa an hana kunna wuta a waje a duk yankin, don haka Noelene ta sa ya jera su a farantin gashi ya tura cikin tanderun kicin, inda take gasa kek. Suka zauna a kujera suna kallon ƙofar gilashin. Kicin ya cika da ƙaurin daji. Bayan kusan rabin awa aka ji ƙas, sannan wani ƙas, bakunan suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Da suka huce ta ba shi hantsaki. A nan dai hannun mai haɗa magani ya yi rana. Ya zaro su a hankali ya jera a kan farar takarda, baƙaƙe, masu fiffike kamar na fara. Da yawa ba ƙwaya a ciki. Masu ƙwaya goma sha ɗaya.

"Za su yi rawaya?" ya tambaya.

"Sau biyu muka gwada, ka san abin da ya fito."

"Amma zai yiwu."

"Zai yiwu. Sai sun yi fure za a sani. Shekara huɗu, ko biyar." Ta dube shi ta saman tabarau. "Yi lissafin da kake yi a fili mana, likita. Tamanin da takwas. Ni ma na iya."

Ta naɗe takardar ta tura gabansa. Ya ja hannunsa baya kamar ta miƙo masa garwashi.

"Noelene, ba Glenys ba? Ko masanan nan?"

"Masana reshe mai rai suke so, ka kuwa gama da wannan. Glenys ta iya, amma ba ta jin tsoro. Kai yanzu kana ji." Ta dafa sandarta. "Akwai wani yashi a bayan garejinka da ba ka taɓa yi wa alheri ba. Can za su zauna, bayan ruwan farko. Gobe kuma kai za ka faɗa wa mutane da bakinka. Ni ƙuguna ke ciwo."

Ya faɗa, a tsaye, a gaban mutum goma sha tara da kek iri uku. Glenys ta rubuta a littafin taro, abin da ya fi zagi. Wani dattijo mai suna Warrick ya matso ya raɗa masa cewa shi ma ya taɓa kashe guda shida, sai dai nasa ja ne, ba wanda ya kula. Tun daga ranar aka daina ce masa sabon shiga. Sunan da ya maye gurbinsa Cokali Huɗu.

Bakwai suka tsiro a cikin sha ɗayan. Ɗaya ya mutu da sanyi ba tare da taimakon kowa ba, abin da ya ɗan kwantar wa Lindsay da hankali. Da bazara ta zagayo, Noelene ta yanka musu ƙa'ida tunda jarirai ne: kofi ɗaya kowanne, sau ɗaya a mako, da sassafe. Kofin yana gidanta. Ranar Lahadi take kawo shi, ta tsaya a zuba, ta koma da abinta. Tiyon kuwa Marj ta kulle shi a bayan mota.

Sauran kwana shida na mako Lindsay kan zagaya bayan gareji ya tsaya a kan tsirai shida masu tsayin ɗan yatsa, waɗanda ba su da niyyar gaya masa launinsu. Ranar wata Laraba, iskar arewa na kaɗawa, ya ga kamar gefen ganyen na uku ya ɗan ɗashe. Ya sunkuya. Ya miƙe. Ya sake sunkuyawa.

"Lindsay," in ji Marj ta taga. "Hannu."

Ya mayar da su aljihu. Saura kwana huɗu Lahadi.