Finjali na Bakwai

Shekara goma sha tara Muntaka yana sayar da shayi a unguwar Khumra ta Jidda, a bakin wani sito na tayoyi, kuma a duk tsawon shekarun nan ko da wasa bai yarda ya dafa gahawa ba. Direbobi da leburori sun yi naci har sun gaji. In aka matsa masa sai ya ce ƙamshinta ke sa shi ciwon kai. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma a zatonsa matarsa Mastura kaɗai ta san haka.

Wata Laraba da hantsi, a shekarar 2003, wata farar mota ta tsaya gaban teburinsa. Wani Balarabe mai furfura jefi-jefi a gemu ya fito ya yi sallama, ya tambaya ko shi ne Muntaka wanda ya taɓa aiki a gidan Abdulwahid na unguwar Aziziyya. Muntaka ya ajiye butar shayin da ke hannunsa.

"Ni ne. Lafiya?"

"Lafiya lau, ya ammi," in ji mutumin. "Sunana Usman. Gobe bayan la'asar wata ƙungiyar 'yan kasuwa za ta karrama Larabawan da suka yi wa jama'a aiki. Cikinsu har da Shaihu Abdulghani, mai sulhunta mutane. Ya ce ba zai sha gahawa a wurin ba sai daga hannunka."

Ya ajiye kati mai rubutun ruwan zinariya kusa da gwangwanin sukari, ya ce gobe zai zo ya ɗauki Muntaka a mota, ya tafi abinsa.

Abin da ya haɗa Muntaka da Shaihu Abdulghani tsohon zance ne. A 1984 ya zo Umra daga Gusau, ya ga gari ya yi masa, ya ƙi komawa. Wani ɗan garinsu ya sama masa aikin zuba gahawa a gidan attajirin nan Abdulwahid. An koya masa riƙe buta da hagu, finjali da dama, da zuba kaɗan ba cikawa ba. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna ya gaya masa.

Gidan yana cikin makoki a lokacin. Ɗan Abdulwahid ya rasu a faɗa da wani saurayi, alƙali ya yanke wa saurayin hukuncin kisa, sai fa in uban mamaci ya yafe. Sati uku da kama aikin Muntaka, Shaihu Abdulghani ya zo da dattawa neman afuwa. Muntaka ya zuba masa gahawa. Shaihu ya karɓa, ya ajiye a ƙasa, ko kurɓa bai yi ba.

A garin su Muntaka baƙo ba ya ƙin abin da aka miƙa masa sai in abin yana da aibu. Don haka ya ce a ransa ta huce ne, ya lallaɓa ya ɗauke, ya zubo mai zafi. Shaihu ya sake ajiyewa. Ya ce to finjalin ne, ya wanko wani. Aka ajiye. Ya ruga kicin ya rage kayan ƙamshi, ya dawo ya ƙara, ya sake sabon ruwa, gumi na tsattsafo masa, dattawa na binsa da ido kamar kaza ta shigo masallaci. A karo na bakwai wakilin gidan ya damƙo wuyan rigarsa ya ja shi waje.

"Halas, ya isa!" in ji wakili, yana huci. "Finjalin da aka ajiye roƙo ne! Ba mai taɓa shi sai mai gida ya ce a sha, an biya buƙata. Sau bakwai kana kwashe roƙon mutane kana zubarwa. Fita, kada in ƙara ganinka!"

Muntaka ya fita, bai tsaya ba sai Khumra. Bai taɓa tambayar yadda aka ƙare ba, don yana tsoron amsar. Abin da ya zauna masa a rai shi ne ya ɓata sulhu, an kashe ɗan mutane, kuma ran yana wuyansa. Ya yi aure, ya samu kafili mai tsaya masa da iƙama ta zaman ƙasa, ya haifi 'ya'ya huɗu, amma duk sanda ya ji ƙamshin gahawa sai ya tuna saurayin da ko fuskarsa bai sani ba.

Da ya koma gida a unguwar Sa'alaba ya nuna wa Mastura katin. Ita haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo Hajji a ƙasa, Hausarta rabi Larabci ce.

"Yalla, ka je mana, Abu Husaini," ta ce, don da sunan ɗansu take kiransa. "Wallahi ni ma ina so in ji ƙarshen labarin nan."

"In kuma kira na suka yi su tozarta ni gaban jama'a fa?"

"Da katin zinariya? Mish ma'aƙul, hankali ba zai ɗauka ba."

"To ta yaya ma suka gano inda nake? Ban gaya wa kowa ba sai ke."

Mastura ta shiga gyaran ɗankwalin da bai karkace ba. "Ƙila na taɓa ba mata labarin a gidan biki. Marra wahda bas, sau ɗaya tak."

Sau ɗayan Mastura kuwa ya isa ya zaga Jidda ya dawo da tsaraba. Muntaka ya so ya yi faɗa, amma son sani ya fi ƙarfin fushin. Me Shaihu yake nema da shi bayan shekara goma sha tara? Wa ke karrama mai sulhun da sulhu ya taɓa watse masa a hannu? Ya ce ta goge masa farar jallabiyarsa.

Washegari Usman ya kai shi wani babban otal a bakin teku. Muntaka bai taɓa shiga ɗaki mai faɗi haka ba. Can gaba an jera kyaututtukan a kan tebur, allunan gilashi masu zanen reshen dabino, kowanne da sunan mai shi. Ya tsaya yana leƙe, Usman yana yi masa bayani: wannan na likitan ido ne, wancan na injiniyan da ya kai ruwa ƙauyuka, na ƙarshe shi ne na zaman lafiya.

"Likita dai a ƙirga idanun da ya buɗe," in ji Muntaka. "Injiniya a ƙirga rijiyoyi. Shi mai sulhu me ake ƙirga masa?"

"Kawunan da suka zauna a wuyan masu su," in ji Usman, ya kai shi inda ake dafa gahawa.

Hannu bai manta ba. Buta a hagu, finjali a dama, ya ratsa manyan mutane masu alkyabba har layin gaba. Shaihu Abdulghani ya tsufa ƙwarai, ya rame, sanda na jingine a gwiwarsa, amma idanun nan nasa suna nan. Muntaka ya gaishe shi, ya zuba, ya miƙa. Shaihu ya karɓa, ya dube shi, sannan ya ajiye finjalin a kan tebur.

Waɗanda ke kusa suka zubo musu ido. Hannun Muntaka ya motsa da kansa, ya yi maza ya maƙale shi a jikin buta. Wannan karon ya san abin da ake nufi, kuma ba wani mai gida a tsakani, shi ake roƙo.

"Me kake nema a wurin mai shayi, ya Shaihu?"

"In an kira sunana, ka hau tare da ni."

"Ni da na ɓata maka aiki?"

"Wa ya gaya maka haka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ban tambaya ba." Muntaka ya sunkuya kusa da shi. "Don Allah, ya Shaihu, kafin komai, yaya aka ƙare ran nan?"

Tsohon ya matso da kansa. "Zuwana na huɗu ke nan gidan Abdulwahid. Sau uku ina ajiye finjali, yana barinsa ya huce, ina tashi hannu wofi. Ran nan ma ya rantse a ransa ba zai buɗe baki ba. Sai ga ka, kana kai da kawowa, kana wanke finjali, kana gumi. Da aka fitar da kai ya tambaya me ke damun wannan. Aka ce baƙo ne, bai san al'ada ba, ya zaci gahawarsa ce ba daɗi. Sai Abdulwahid ya yi dariya, karon farko tun rasuwar ɗansa. Dariyar ta juye kuka. Ya ce, 'Baƙon da bai san mu ba ya kasa jure ganin wani zaune a gidana bai sha komai ba, ni mai gidan na jure har sau huɗu. Sha gahawarka, Abdulghani, na yafe.' Ya aika a dawo da kai, aka neme ka aka rasa. Har ya rasu yana tambayarka."

Muntaka ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Farin ciki ya kama shi, da haushin kansa kuma, shekara goma sha tara yana dakon abin da tambaya ɗaya ta isa ta raba shi da shi.

"To saurayin?" ya ce. "Yana raye?"

"'Ya'yansa shida," in ji Shaihu. "Shekara biyu yana bin unguwannin Hausawa yana nemanka, sai da matarsa ta ji labarinka a gidan biki. Shi ya kawo ka a mota."

Muntaka ya waiga. Usman yana tsaye a bayansa, hannunsa na dama a ƙirji, hawaye na bin furfurar gemunsa. Muntaka ya daɗe yana kallonsa, yana kallon wuyansa musamman, har sai da mai gabatarwa ya fara karanto ayyukan Shaihu a lasifika.

"Ka bar ni da roƙo a ƙasa," in ji Shaihu Abdulghani. "In sha, ko in tashi hannu wofi?"

"Zan hau," in ji Muntaka. "Sha gahawarka."

Tsohon ya miƙa hannu zai ɗauka, amma Muntaka ya riga shi. Ya taɓa finjalin da bayan yatsa, ya girgiza kai.

"Ba wannan ba, ya Shaihu. Ta huce."

Ya juye ta, ya zuba mai zafi, ya miƙa masa. Sannan ya ciro wani finjalin, ya zuba, ya juya ya miƙa wa Usman.