Jakar Tsayar da Jini

Mutum uku suka cika a hannun Kofur Lirwanu cikin shekara guda, duk a bayan mota, kuma babu wanda harsashi ya sama a kai ko a ƙirji. Biyu a cinya ne, ɗaya a dantse. Jini ne kawai ya tsiyaye musu a hanya tun kafin a hango asibitin Anka. Su goma sha biyu ne, 'yan sandan kwantar da tarzoma, da mota ɗaya, aka ba su tsaron hanya daga Anka zuwa Gummi da ƙauyukan Bukkuyum da ɓarayin daji suka addaba. Akwatin magani kam suna da shi, ƙato kamar na lefe, yana bayan kujerar direba an danne shi da jarkar mai. Kafin a zaro shi, mai rauni ya daina amsa sunansa.

Bayan na ukun ne Lirwanu ya ce shi ya gaji da wanke bayan mota. Akwai kuma abin da ya fi damunsa, wanda bai faɗa wa kowa ba. Shugabansu, Sufeto Nababa, surukinsa ne, mahaifin matarsa Saude, kuma tsohon nan ba ya jin magana. Da an fara harbi shi ne farkon dira daga mota. Duk ranar da za su fita, Saude ba ta ce wa mijinta ya kula da kansa. Sai dai ta miƙo masa hula ta ce, "Ka diba min Baba."

Duban kuwa daga nesa ake yinsa. A bakin aiki wannan Oga ne, wancan Kofur. Ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Idan tsohon ya ɗauki bokiti zai zagaya wanka, nan take Lirwanu zai tuna da wani aiki a can ƙarshen bariki. Shekara huɗu da auren, ko kansa ba hula bai taɓa gani ba.

Ya cika leda da kaya daga kemis ya kai wa Zinatu, wata ma'aikaciyar jinya a Anka. Tun shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Dareta take wannan aiki, ta ga abin da ya ishe ta, shi ya sa ba ta iya lallashi ba. Ta zazzage ledar a tebur ta dube shi.

"Wanga duk na mine na? Kemis za ka buɗewa cikin daji?"

Ta ture maganin ciwon kai gefe, ta ture man zafi, ta ture kwalbar aidin. Abin da ta bari bai cika tafin hannu biyu ba. Akwai maɗauri mai ɗan karan murɗawa na shaƙe jijiya, da naɗin bandeji biyu a cikin ledarsu, da safar hannu, da filasta mai faɗi. Ta ɗora almakashi mai dakusasshen baki a kai.

"Kowa shi ɗauki tashi jaka ga ƙugu, wuri guda, yadda ko makaho na lalubo ta," in ji ta. Sannan ta nuna masa a jikinta, can saman cinya. "In nan ta, ga matsematsi, maɗauri ba shi kamawa. Sai ka yanke wando, ka ga ramin da idonka, ka cusa bandeji da yatsa har shi cika, ka danne da ƙarhinka duka. Kak ka danna bisa tuhwa, jini ƙarƙashi shika bi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Tela ya ɗinka jakunkuna goma sha biyu da yadin tanti. Lirwanu ya shimfiɗa tabarma ya shirya su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, maɗauri a sama don shi ake fara nema, almakashi a gefe hannunsa a waje. Sati biyu yana koya wa mutane a gindin bishiyar bedi, bibbiyu, wannan ya ɗaure wancan. Suka yi ta tsokanarsa, suka sa masa suna Ungozoma. Sufeto Nababa ya karɓi tasa, ya juya ta, ya maƙala a ɗamara. Da aka zo gwaji sai ya koma gefe ya harɗe hannu. Lirwanu ya ga haka, ya yi kamar bai gani ba. Wa zai ce wa surukinsa kwanta in taɓa cinyarka?

Da bazara aka harbi ɗaya daga cikinsu, Gwadabe, a dantse kusa da Tungar Guru. Na kusa da shi ya fizgo jakar, ya murɗa maɗauri, Gwadabe ya isa Anka da bakinsa yana zagin ɓarayi. Daga ranar ba wanda ya ƙara cewa Ungozoma. Lirwanu ya yi murna har ya kasa ɓoyewa, ya gaya wa Saude ta kwantar da hankalinta.

Ranar wata Laraba cikin damina, da hantsi, suna kan hanyar ƙasa bayan Nasarawa Burkullu, gero ya yi tsayi ya rufe gefe da gefe. Harbi ya tashi daga cikin gona. Tsohon ya dira kamar yadda ya saba, ya yi taku uku yana ba da umarni, sai ya zauna a cikin taɓo kamar wanda ya gaji. Aka ciccibe shi zuwa bayan mota. Sajan ɗinsu ya ce direba Dodo ya wuce da shi Anka, Lirwanu ya riƙe shi, sauran su tare masu harbi.

Mota ta fizga. Lirwanu ya duba. Wandon ya jiƙe sharkaf daga ƙugu zuwa gwiwa, kuma hudar tana can sama, daidai inda Zinatu ta nuna. Ya buɗe jakar da ke ƙugun tsohon, ya zaro almakashi, ya kama bakin wando.

Tsohon ya riƙe masa wuyan hannu.

"Kofur. Aje abin ga."

"Baba, sai na ga wurin." Ranar ce farkon da ya kira shi haka a cikin kaki.

"Ba kai ba." Numfashinsa yana fita da ƙyar, amma idonsa tar. "Kai ka auri ɗiyata. Ka ruhwa min asiri, don Allah."

Riƙon ba wani riƙo ba ne. Da Lirwanu ya girgiza hannu sau ɗaya ya kuɓuce. Ya san haka a lokacin, ya kuma san abin da zai biyo baya in bai yanke ba, gama shi ya koya wa mutum goma sha ɗaya. Amma shekara huɗu yana sunkuyar da kai gaban mutumin nan, ga shi kuma yau yana roƙonsa da Allah. Hannun ya ƙi tafiya. Ya ajiye almakashin, ya haɗa tafukansa biyu a kan yadin, ya danna da iya ƙarfinsa. Ya riƙa ce wa ransa dannawar ma ta isa, Anka ba nisa.

Anka kuwa ta yi nisa. Sau biyu mota tana kafewa a laka. Yana dannawa a sama, jini yana bi ta ƙarƙashi, yana gangarawa ƙafar wando har ya cika takalmi ya fara malala a kan ƙarfen mota. Tsohon ya ce yana jin sanyi. Lirwanu ya tuɓe rigarsa da hannu ɗaya ya lulluɓa masa daga ciki zuwa gwiwa. Ya sake kallon almakashin, ya kalli fuskar tsohon, ya ga leɓɓansa suna motsi da kalmar shahada, sai ya taya shi. Kafin su hau kwalta leɓɓan sun tsaya.

Sai a ƙofar asibiti ya tuna cewa zai iya buga rufin mota Dodo ya tsaya, shi da ba surukin kowa ba, ya yi aikin cikin minti biyu.

Zinatu ce ta tare su. Ta taɓa wuya, ta ɗaga fatar ido, sannan ta sa almakashinta ta tsarge wandon da yanka ɗaya. Lirwanu ya kawar da kai, har a lokacin. Ta daɗe tana duban raunin. Ta ɗauko jakar, ta ga bandeji biyu suna nan a ledarsu ba a ɓare ba.

"Rami guda na," ta ce a hankali. "Yatsa biyu na rufe shi."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙa masa jakar ta ce Allah ya jiƙan mamaci.

A Gummi aka yi jana'iza, garin su tsohon. Kwana uku Lirwanu yana zaune a tabarmar maza yana karɓar gaisuwa. Ya yi niyyar gaya wa Saude gaskiya, ya shirya kalmomin ya sake shiryawa, bai samu ganinta ita kaɗai ba. Ranar sadakar uku aka ce surukarsa, Inna Habsu, tana kiransa. Ya cire takalmi ya tsuguna a ƙofar ɗaki, kansa a ƙasa. Ɗakin cike yake da mata, Saude tana bakin ƙofa idonta ya kumbura. Tsohuwar ta yi magana daga bayan labule.

"Dodo ya gaya muna komi. Ya ce har yac cika ba ka bari kowa ya ga tsiraicinai ba. Ya ce rigarka kat tuɓe kal lulluɓa mai." Muryarta ta karye, ta dakata. "Mun yi dacen suruki. Ɗan halas, yadda kar ruhwa mai asiri, Allah shi ruhwa maka naka, duniya da lahira."

Mata suka amsa gaba ɗaya. Saude ta ɗago ta dube shi, hawaye na zuba, amma godiya ce fal a fuskarta, irin wadda bai taɓa gani a wurinta ba. Ɗakin ya yi tsit, ana jiran tasa amsar.

Lirwanu ya buɗe baki, ya ce amin.