Ni Na Hau Babur Ɗin

Ni da kuke gani, babbar mota ta taɓa kifewa da ni a kan gada, na fito ina kaɗe riga. Na yi dako, na yi tuƙi, ban taɓa zama a aji ba, kuma ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa sa ni rawar murya. Sai ga shi da furfurata waya ta tsorata ni.

Autana saƙo yake kai wa mutane a babur, ta waya kamfani ke ba shi aiki. Ranar da tasi ta buge shi da kayan mutane a bayansa, ƙafar ta karye gida biyu. A gadon asibiti ba ƙafar yake wa kuka ba.

"Baba, in suka ga ban fita ba, rufe ni za su yi a wayar, in rasa aikin."

"Ina raye? Miƙo wayar nan."

Na kifa hular kwanonsa na hau. Wata mata a cikin wayar tana cewa yi dama, yi hagu, ni kuwa ina zuba wuta. In wayar ta nemi ganin fuska da safe, surukata, matar Auta, ta saita ta a fuskarsa, in karɓa in fice.

Ana haka likita ya ce ƙafar aiki take so, in aka yi jinkiri sai yankewa. Wakiliyar ƙungiyar masu babur ta ce doka ta ɗora wa kamfani jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, ta shigar da ƙara. Ranar da ta dawo, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, sun ce lafiyarsa ƙalau. Wayarsa ta nuna tun bayan hatsarin kullum yana kan titi."

"Ai ni ne! Duk cikin yaran nan wa zai iya wannan gudun?"

"To haka za ka faɗa wa alƙali. Amma ba da aron waya babban laifi ne a wurinsu. Kana faɗa, sun kore shi ke nan."

Auta ya juya fuska bango. Surukata ta riƙe ƙarfen gadon.

"Baba, ƙafar dai," in ji ta.

A kotu fanka na juyawa, ni gumi na bin gadon bayana. Alƙali ya tambaye ni sau biyu kafin muryar ta fito. Na ce ni na hau, na lissafa masa unguwannin da na shiga.

Alƙali ya ce a yi aikin ƙafar, kamfani ya ɗauki nauyi. Ban kai ƙofa ba wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na miƙa wa wakiliya ta karanta mini.

"Kamfani sun rufe shi daga aiki, Baba."

Na tura babur ɗin da hannu har asibiti, ina neman da wanne zan fara gaya masa.