Tsirkiyoyin Baba Illa

"Kar ka taɓa kunnuwan ɗaure tsirkiyar nan," in ji Baba Illa daga kan katifa. Dogara ya janye hannu daga gitar, ya miƙa masa kunu.

Shekara uku bango ɗaya ya raba su a wani bene kusa da titin Zhanxi Lu, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Dogara Bakano ne, takalma yake saya yana aikawa gida. Baba Illa kuwa mutumin Tahoua ne, ya shekara arba'in yana kiɗa a Yamai kafin ya zo Guangzhou aikin tafinta. Dogara ko tafi bai iya yi daidai ba, amma in gitar nan ta fara da la'asar, sai ya bar ɗaure kwali ya jingina da bango. Kiɗan ba ya gaggawa. Yakan ɗauko buluz na baƙaƙen Amurka, ya karkata da shi sannu a hankali har ka ji gurmi. Dogara yana son kiɗan nan, so na gaske.

"Ɗaurin tsirkiyoyin nan nawa ne ni kaɗai, babu shi a littafi," in ji tsohon. "In ta Allah ta kasance, ka aika wa 'yata Ramatou ita yadda take. Tana kiɗa. Za ta gane."

Ya cika ranar Juma'ar da aka buɗe wasannin duniya na Beijing, unguwa duk tana gaban talabijin.

Bayan sadakar bakwai Dogara ya kai gitar wurin masu aika kaya ta jirgi a unguwar Baiyun. Ma'aikacin, wani Basine mai furfura, ya latsa tsirkiya ɗaya ya girgiza kai.

"Laoban, maigida, sassauta su. Sanyin jirgi zai karya wuyan."

"Mai ita ya ce kar a taɓa."

"To ta isa a karye."

Dogara ya dubi gitar. In ya kwance, ɗaurin ya tafi ke nan. In ya bari, gitar ta tafi. Can ya ciro wayarsa, ya danna wurin ɗaukar murya.

"Ramatou, ni ne Dogara, maƙwabcin babanki. Ki yafe mini, ban iya kiɗa ba. Dole a sassauta tsirkiyoyin gitarsa, ki saurari ɗaurinsa ki mayar. Ga ta farko."

Ya ja tsirkiyar da yatsa, ya jira har sautin ya mutu. Basinen ya ɗaga hannu, masu naɗe kwalaye da salatif suka dakata.

"Ga ta biyu," in ji Dogara.